Marayun dawa: Ina za a kai dabbar da aka ƙwato daga kasuwa?

A ƙarshen watan Yulin 2025, jami'an Kwastam a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas sun kama tsuntsaye masu rai fiye da 1,600 da ake shirin fitarwa zuwa Kuwait ba tare da takardun izini ba. Tsirya ce da kanari, irin tsuntsayen da yaran Arewa suka saba kora a gonakin gero da dawa. Hukumar ta ce za ta miƙa su ga Hukumar Gandun Dajin Ƙasa domin a yi jinyarsu, sannan a mayar da su daji.

An yaba wa jami'an, kuma sun cancanci yabo. Sai dai a wajen jama'a labari irin wannan yakan ƙare ne ranar da aka ɗauki hotuna. A wajen dabbar kuwa, ranar ce wahala ta biyu ke farawa: wa zai ciyar da ita, wa zai duba lafiyarta, a ina za a ajiye ta, kuma wane daji za a sake ta?

Tambayar ta shafi Katsina kai-tsaye. Birnin na kan tsohuwar hanyar fatauci da ta haɗa Kano da Maraɗi ta Jibiya, kuma abin da ya fito daga dajin Nijar ko na Zamfara sau da yawa ta nan yake bi. A Babbar Kasuwa, kamar sauran manyan kasuwannin ƙasar Hausa, ba baƙon abu ba ne ka ga ɗan magori ya baza fatu da ƙahonni da kawunan tsuntsaye, ko yaro ya ratsa rumfuna da keji yana neman mai sayen kanari. A ce yau jami'in gandun daji ya ƙwace ɗan biri ko ɗan barewa a ƙofar kasuwar, ina zai nufa da shi kafin magariba?

Yadda ake zama maraya a dawa

Ɗan biri ba ya rabuwa da jikin uwarsa a watannin farko na rayuwarsa. Saboda haka duk jaririn birin da ka gani ɗaure da igiya a gari, kusan tabbas an kashe uwarsa kafin a ɗauko shi. Naman uwar ya tafi tukunya, ɗan ya zama kuɗin shiga na biyu.

Akwai kuma marayun da tausayi ke samarwa. Barewa da gada sukan ɓoye 'ya'yansu a cikin ciyawa su tafi kiwo na sa'o'i, su dawo su shayar. Manomi ko makiyayi ya tarar da ɗan a kwance shiru, sai ya ɗauka an yar da shi, ya saɓo shi zuwa gida. Uwar ta dawo ta tarar da wayam.

Sauran hanyoyin sanannu ne: ƙona daji lokacin farautar rani, tarko da ke karya ƙafa, danƙon yara, motoci a kan manyan tituna da dare, sare itatuwan da tsuntsaye ke sheƙa a kai don yin gawayi, da kuma gubar da ake zubawa a mushe. Ga kuma masu wasa da kura da bika da mesa, waɗanda sana'arsu ta dogara da kamo dabbar tun tana ƙarama. Idan ta tsufa ko ta gagara, ba ta da inda za ta koma.

Sha'awar kiwon dabbar dawa a gida ma na da nata kason. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta yi ƙarancin da ganinta a fadama ya zama abin labari, alhali ana samunta a farfajiyar gidajen masu hali da fiffike a yanke.

Abin da cibiyar ceto ke yi

Mutane da dama na ɗaukar cibiyar ceton namun daji a matsayin wani gidan zu. Manufarsu ta sha bamban. Gidan zu na ajiye dabba don a zo a kalla. Cibiyar ceto asibiti ce, kuma nasararta ita ce dabbar ta warke ta fita.

Aikin na da matakai. Na farko shi ne ceton rai. Dabbar da aka ƙwato takan zo da ƙishirwa da firgici da sanyin jiki, don haka ɗumi da ruwan gishiri da sukari ake fara ba ta kafin abinci. A nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin kisa. Madarar shanu ko koko da ake ɗura wa jaririn dabba kan jawo gudawa, ko ruwan ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Ɗan shaho ko mujiya da aka ciyar da tsokar nama zalla, babu ƙashi babu gashi, ƙasusuwansa kan lanƙwashe. Barewa kuwa tsoro kaɗai na iya kashe ta: idan aka yi ta kora ko aka daɗe ana danne ta, tsokarta kan lalace, ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu ba tare da wani rauni a fili ba.

Misalin Kenya ya nuna wahalar abin. Marigayiya Daphne Sheldrick, wadda ta kafa gidauniyar renon marayun giwaye a 1977, ta shafe kusan shekara 28 tana gwaji kafin ta dace da haɗin madarar da jaririn giwa zai sha ya rayu. Har yau masu reno a Nairobi na ba su kwalba duk bayan sa'a uku, dare da rana.

Mataki na biyu killacewa ne. Ana ware sabuwar dabba na makonni, birai ma wani lokaci har wata uku, ana yi mata gwajin tarin fuka da sauran cututtuka, don kada ta shafa wa waɗanda ke wurin ko ma'aikata.

Na uku shi ne mafi wuya: hana ta sabo da mutum. Tsuntsun da ya buɗe ido ya ga mutum na ba shi abinci zai girma yana ɗaukar kansa ɗan gida. Idan aka sake shi, ƙauye mafi kusa zai nufa, a can kuma danƙo ke jiransa. Shi ya sa ƙwararru ke rage magana da taɓawa, su haɗa maraya da 'yan'uwansa, su bar shi ya koyi neman abinci da tsoron abin da ya kamata ya ji tsoro. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to amma ɗan da ya tashi a tsakar gida tare da awaki, sai an sake koya masa gudun.

Na ƙarshe shi ne saki. Akan kai dabbar wani shinge a cikin dajin da za ta zauna, ta yi makonni tana sabawa, sannan a buɗe ƙofa a ci gaba da bibiyarta.

Ba kowace ce ke kaiwa wannan mataki ba. Ƙa'idojin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, sun ba hukumomi zaɓi uku game da dabbar da aka ƙwace: a mayar da ita daji, a riƙe ta har ƙarshen rayuwarta, ko likita ya kawo ƙarshen wahalarta idan babu magani. Zaɓi na biyu ne ke cin kuɗi. Aku da manyan birai na iya shekara 40 ko fiye, ke nan wanda ya karɓi guda ɗaya ya ɗauki nauyin da zai iya wuce shekarun aikinsa na gwamnati.

Cibiyoyin na Kudu, kasuwar na Arewa

Najeriya na da ƙwarewa a wannan fanni. A Kalaba, ƙungiyar Pandrillus da Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa ta fara karɓar marayun wani nau'in biri mai suna dril tun 1991, kuma a yau tana riƙe da ɗaruruwansu, mafi yawa a babban shinge da ke gindin tsaunin Afi a Jihar Kuros Riba. A Legas akwai Greenfingers, da kuma gidauniyar Saint Mark's ta likitan dabbobi Mark Ofua, waɗanda ke karɓar ɗankunya da kunkuru da tsuntsaye da macizai. A Jami'ar Ibadan, Farfesa Olajumoke Morenikeji ta yi suna wajen ceton ɗankunya.

Dukkan waɗannan na nesa da Katsina da kilomita ɗaruruwa, Legas da Kalaba ma fiye da 1,000. Ɗan barewar da aka ƙwace a Jibiya da wuya ya kai Kalaba da rai a bayan mota, kuma ko ya kai, cibiyoyin can an gina su ne don dabbobin kurmi.

Tarihi ya riga ya nuna wannan giɓi. A watan Mayun 2003, wasu gwaggon birai biyu da aka ƙwace a Kano, Brighter da Twiggy, sai Kamaru aka kai su, zuwa cibiyar Limbe. Wasu huɗu da aka fitar ta gidan zu na Ibadan zuwa Malesiya a 2002 da takardun da suka nuna wai a can aka haife su, sun yi shekara biyar ana jayayya a kansu, sun zauna a Afirka ta Kudu, kafin su ma su isa Limbe a 2007. A Disamban 2024 kuma, jami'an Turkiyya suka gano jaririn gwaggon biri a cikin akwati a filin jirgin Istanbul, kayan da suka taso daga Najeriya za su Thailand.

A Arewa, inda aka fi kai irin waɗannan dabbobi shi ne gidan zu, musamman na Audu Bako da ke Kano, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, ko gandun namun daji na Jos. Ma'aikatansu na iya ƙoƙarinsu, amma wurin da ke cika da dubban 'yan kallo a ranakun Sallah ba zai zama ɗakin jinyar dabbar da ake so ta manta da mutum ba.

Doka ba ta aiki sai da ɗakin ajiya

Dokar tarayya da ke kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ce, an yi mata gyara a 2016. A jihohin Arewa kuma tushen dokokin farauta shi ne dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963. A 2025 majalisun tarayya biyu sun zartar da sabon ƙudiri mai tsauraran hukunci, Majalisar Wakilai a watan Mayu, ta Dattawa a Oktoba. A matakin duniya, taron yarjejeniyar CITES na 2016 ya haramta cinikin ɗankunya da akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Kayan da ba su da rai, hukuma ta san yadda za ta yi da su. A Oktoban 2023 an ƙone kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a Abuja, a Janairun 2024 kuma aka niƙe hauren giwa tan 2.5. Mai rai fa? Jami'in da ya ƙwace kura ba zai kwana da ita a ofis ba. Wanda ya ƙwace birai biyar, daga aljihunsa zai saya musu ayaba har sai kotu ta zauna. Idan babu wurin kaiwa, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya kau da kai. Ta haka rashin cibiya ɗaya ke mayar da doka gaba ɗayanta rubutu a takarda.

Darasin da ke maƙwabtaka

Ba sai an je Kenya neman misali ba. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, kuma su ne na ƙarshe na irinsu a duk Afirka ta Yamma. Da gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin waje da mazauna ƙauyukan suka haɗa hannu, inda matasan yankin suka zama masu yi wa baƙi jagora suna samun na cefane, adadin ya haura 600.

A Nuwamban 2018 aka ɗauki takwas daga cikinsu, aka ajiye su a shinge na makonni har suka natsu, sannan aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a manyan motoci zuwa gandun Gadabeji da ke Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga raƙumin dawa ba. An ƙara wasu huɗu a 2022, kuma sun fara haihuwa a can. A Kelle da ke Jihar Damagaram akwai cibiyar kiwon jimina da nufin mayar da ita dajin da ta ɓace daga cikinsa. A Chadi, maririn da aka ayyana a 2000 cewa ya ƙare a daji, an dawo da shi daga Abu Dhabi tun 2016, kuma a Disamban 2023 aka cire shi daga wancan rukuni.

Waɗannan ayyukan farfaɗo da jinsi ne, sun fi renon maraya ɗaya girma. Amma kayan aikin iri ɗaya ne: likita, shinge, haƙuri, da yardar mutanen da ke zaune kusa da dajin. Kuma an yi su ne a ƙasashen da kasafin kuɗinsu bai kai na Najeriya ba, a cikin yanayi da ciyayi irin na Katsina.

Mutane na mutuwa, ana zancen biri?

Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma bai kamata a yi masa amsar gatse ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Dajin Rugu, wanda a da aka san shi da kiwo da namun daji, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya sun ɗanɗana kuɗarsu. Babu mai hankalin da zai ce a rage kuɗin asibitin yara a gina wa kura ɗaki.

To amma akwai dalilai uku da suka sa batun ya shafi lafiyar mutane da aljihunsu.

Na farko, cuta. An fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a Afirka ne a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006. Ƙyandar biri ta sake bayyana a Najeriya a 2017 bayan kusan shekara 40. Cizon dila ko wata dabbar dawa na iya ɗauke da ciwon haukan kare. Dabbar daji mara lafiya a tsakiyar kasuwa, kusa da masu kaji da masu abinci, haɗari ce ga kowa. Cibiyar da ke killacewa da gwaji ita ce wurin da za a fara hango annoba.

Na biyu, ungulu. Dattawan Katsina na tuna lokacin da take cika rufin mahauta. Yanzu yara da yawa a karin magana kawai suka san ta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna nau'o'in ungulu bakwai na Afirka sun ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye, kuma guba da cinikin sassan jikinta don magani da tsafi su ne manyan dalilai. A Indiya, inda maganin dabbobi na diclofenac ya kusan ƙarar da ungulu, masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta cewa rashinta ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005, saboda mushe da ya yi ta ruɓewa da yawaitar karnukan banza. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka kowace guda da aka ceto daga guba tana da daraja.

Na uku, kuɗin ba dole daga aljihun asibiti zai fito ba. Akwai asusun duniya da aka ware wa muhalli kaɗai. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, ya ƙunshi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma farfaɗo da dazuzzuka na cikin ayyukansa. Jihar da ba ta gabatar da tsari ba, wata ce za ta ɗauka.

Me ya dace da Katsina?

Babban gini da kejin zaki ba shi ne buƙatar ba. Abin da zai yi aiki shi ne ƙaramar cibiyar karɓa a bayan gari: ɗakin killacewa, shingen tsuntsaye mai tsawon da za su gwada fiffike, fili mai inuwa na barewa da kunkuru, likitan dabbobi ɗaya da masu reno kaɗan, da lambar waya da ake ɗauka. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato na iya ɗaukar manyan tiyata, cibiyar bincike ta Vom kuma ta yi gwaje-gwaje.

Dole cibiyar ta kafa ƙa'ida tun ranar farko: ba ta sayen dabba. Wanda ya biya naira dubu biyar don ya ceci ɗan biri ya ba mafarauci kuɗin harsashin da zai kashe wata uwar. Haka kuma a rubuta kowace dabba da ta shiga da inda ta ƙare, domin cibiyar da babu rajista na iya zama sabuwar ƙofar kasuwa. Ba a ba kura ajiyar nama.

Wurin saki ma sai an yi shawara da maƙwabta. Muddin Rugu bai zauna lafiya ba, tsuntsayen ruwa sai fadamun Haɗeja da Nguru, wasu dabbobin kuma Yankari ko Falgore, bisa shawarar masana.

Sannan a zauna da masu sana'ar. 'Yan magori da mafarauta iyalai suke ciyarwa, kame kaɗai zai mayar da cinikin bayan shago ne. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta riga ta yi aiki da masu maganin gargajiya wajen tattara itatuwan da za su maye gurbin sassan ungulu. Sarkin Baka da mutanensa sun fi kowa sanin abin da gada ke ci da inda guza ke kwana, kuma irin wannan ilimi ne cibiya ke biya a saya. Malamai ma na da abin faɗa, domin hadisin da aka umarci sahabbai su mayar wa tsuntsuwa 'ya'yanta sananne ne a makarantun zaure.

Kafin a kai ga nan, akwai abin da ke hannun mai karatu. Idan ka ga ɗan barewa kwance a gona babu rauni, ka bar shi, uwarsa na kusa. Idan tsuntsu ne mai rauni, ka sa shi a kwali mai huji, a wuri mai duhu da shiru, kada ka ɗura masa ruwa ko madara, ka nemi likitan dabbobi ko ofishin gandun daji mafi kusa. Idan dabbar dawa ta cije ka ko ta yakushe ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Idan kuma aka tare ka da ɗan biri a ƙofar kasuwa ana cewa ka taimaka ka saya, ka tuna cewa sayenka ne zai sa a koma daji gobe.

Shugabannin Babbar Kasuwa na da ƙungiyoyi da sarakunan sana'a waɗanda maganarsu ke da tasiri a kan kowace rumfa. Ranar da gwamnatin jiha ta ba su lambar da za su kira da wurin da za a kai dabbar, za a iya tambayar su dalilin da ya sa har yanzu ake ganin keji a layukansu. Kafin wannan rana, tambayar na kan teburin Ma'aikatar Muhalli.